Bugun Ƙararrawar Kofur Mu'azu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Farkon Disamba.

Zuwa ga aminiyata Huraira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Yaya Sadiq da iyalinsa da duk mutanen Azare. Yaya ciwon ƙugun nan? Kina shafa man da na aiko miki, ko kin tura shi ƙarƙashin gado kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. 'Yata Ummi ta dawo gida goyon ciki, ta yi nauyi, ba ta da aiki sai cin ɗanwake da yi mini gyara a girki. Tana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Da gangan na yi. Duk sanda na ɗauko miki maganar da ta shafi soja, sai ki ce sabis ya ɗauke, ki kashe. To, takarda ba ta da sabis. Garzali direba ya yi mini alkawarin zai danƙa miki ita hannu da hannu, kuma na ce kada ya bar ƙofar gidan sai ya ga kin buɗe.

Kin san dogon turmin nan nawa na tagulla, wanda kike yi wa dariya duk zuwanki Kano? Kwanson harsashin igwa ne. A cikin buhun kayan maigidana Sajan na tsince shi, lokacin da aka dawo da shi daga daji da ƙafa a karye. Ni kuwa na wanke shi tas, na ce Allah ya kawo turmin yaji. Shekara goma ina daka a ciki, bawan Allahn nan yana kallona, bai taɓa cewa uffan ba.

Ran Asabar ɗin da ta wuce Kofur Ɗanladi ya zo gidan. Za ki tuna shi, dogon nan mutumin Zuru, wanda matarsa ke rabo mana cincin a bariki duk Kirsimeti. Ashe ya daɗe da dawowa Tarauni, shi ne ma shugaban tsofaffin sojojin da ke zama a gindin darbejiya kusa da kasuwa. Yana zaure suna gaisawa da Sajan, ni ina tsakar gida ina daka citta. Can sai ga ƙaton mutum ya leƙo, hawaye shaɓe-shaɓe, yana roƙon in ƙara bugawa. Wallahi na zaci ya zautu.

Ashe, Huraira, ƙararrawar rundunarsu nake daka yaji a ciki! A daji, da waya suke rataye ta a bishiya, a buga ta da babban cokali idan abinci ya nuna. Amma tana da wani aikin. Duk ranar da aka fita aka dawo ba a cika ba, babu mai kai loma baki sai an kira sunan kowane wanda bai dawo ba, a buga masa sau ɗaya. Kowa an buga masa. Ban da mutum ɗaya. Ranar da Kofur Mu'azu ya faɗi ita ce ranar da aka harbi Sajan, aka tashi sansanin a gaggauce, wani ya cusa ƙararrawar a buhun da ya fi kusa da shi. Mijinki ne kaɗai ba a buga wa ba. Da na tambayi Sajan dalilin shirunsa na shekara goma, sai ya ce ya fi son ya riƙa jin ta tana ƙara a tsakar gida da a ce tana kulle a akwati, kuma bakinsa ne ya kasa ɗaukar maganar.

Yanzu dai sun yanke shawara. A watan Janairu, lokacin tunawa da mazan jiya, za su ɗauki bas daga Unguwa Uku zuwa maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, su cika wannan bugu da ya rage. Kuma baki ɗaya suka ce ke za ki buga.

Na san abin da ke ranki. An binne shi kina cikin takaba, a garin da ba ki taɓa takawa ba. Ba ki ga makara ba, ba ki ga masu wanka ba, sai wani hafsa da ya zo bariki da hula a hannu. Tun daga nan ko hanyar Abuja ba kya so a ambata. Ni dai abu ɗaya nake so a duniyar nan yanzu, bayan Ummi ta sauka lafiya: ki je ki ga inda yake kwance. Za mu tafi tare, kujera ɗaya.

Ki gaida kowa da kowa. Ina jiran amsa ta hannun Garzali.

Taki har kullum,
Asabe.

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Ƙarshen Disamba.

Huraira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Yaya sanyi? Mu ma lafiya, sai dai haushinki da nake ji.

Garzali ya dawo mini da ƙullin dakuwa da saƙon baki. Ko layi ɗaya ba ki iya rubuta mini ba! Dakuwar dai na cinye ta a tsaye don takaici, ko Ummi ban sam wa ba. Saƙon kuma na ji: wai ƙararrawa ta 'yan coci ce, wai mace ba ta zuwa maƙabarta, wai soja suka ɗauke shi, su riƙe abinsu. To, zauna ki ji.

Na sa hijabina na tafi wajen Malam Muhammad Auwal, limamin masallacinmu, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna ta. Na zayyana masa komai, har da dakan yajin. Sai da ya yi dariya ya goge ido da gefen rawani. Ya ce abin da ke isa ga mamaci addu'a ce, ƙarfe ba ya ƙara masa komai, ba ya rage masa komai. Ya ce su ma a Islamiyyarsu da ƙarfen mota ake tashin yara, babu wanda ya ce sun shiga coci. Sharaɗinsa, kada a ɗauki bugun a matsayin ibada, a yi shi daga wajen ƙofa, sannan a shiga a yi wa bawan Allah addu'a. Maganar mata kuwa, ya ce malamai sun yi saɓani, amma shi yana tare da masu cewa mace ta je cikin natsuwa, ba kururuwa, ba faɗuwa ƙasa. Na ce masa ai Huraira ko ranar da aka kawo labarin ba ta yi kururuwa ba. Da na kai wa Kofur Ɗanladi labari, cewa ya yi shi dai tunda yake zuwa coci bai taɓa jin ƙararrawa mai warin daddawa ba, saboda haka wannan tamu ce, mu kwantar da hankalinmu.

Da kin ga abin da ake yi a nan, da cikinki ya yi ciwo. Tsofaffin nan sun ce ba za su je Abuja su ba da kunya ba, sai sun yi atisaye. Duk yamma suna filin makarantar firamare a Ƙauyen Alu suna fareti. Tumbi a gaba, furfura a sama, hular kowa ta yi masa kaɗan. Ɗanladi ya daka tsawa a juya hagu, rabi su juya dama, su yi karo da goshi. Masu suyar awara har sun dawo da kaskonsu bakin filin, saboda 'yan kallo sun fi na ƙwallo yawa. Sajan da ɗingishinsa shi ne a gaba. Ke, mutumin da ke wuni a zaure ba ya cewa komai, yanzu da waƙar bariki yake shigowa gida, yana cin tuwo malmala biyu. Rabon da in gan shi haka tun muna amare.

Ni ce dai na yi asara. Ya ƙwace mini turmi, ya goge shi da toka da lemon tsami har kana ganin fuskarka, ya naɗe shi a farin yadi ya kulle a akwati. Ga yajin jegon Ummi ban daka ba. Na aro na itace a maƙwabta, amma ina! Ba ya laushi, sai tsaki-tsaki kamar na kaji. Jikata ta fari, ko jikana, a ce uwarsa ta ci wannan yajin?

Saura magana ta uku, wadda babu malamin da zai amsa miki ita sai ni. Kin ce soja su riƙe abinsu. Ba nasu ba ne, Huraira. Su kaki suka ba shi. Ke kika yi shekara ashirin kina jiƙa masa gero, kina jiran ƙarar takalminsa a baranda. Na san kina fushi, kuma kina da gaskiya. Amma fushin nan ke yake ci. Duk zuwanki ina kallonki: ana hira ana dariya, ke kunnenki na ƙofa. Ina ƙaunarki, shi ya sa nake faɗa miki abin da kowa ke tsoron faɗa.

Kuma ki sani, Sajan ya rantse idan ba ki zo ba, babu mai taɓa ƙararrawar nan. Za su je su yi addu'a su dawo da ita yadda suka tafi da ita. Ni ba zan ƙara aiko miki da wata takarda a kan wannan ba. Ɗakin baƙi a share yake.

Ki gaida Yaya Sadiq. Ki ƙaro dakuwa.

Taki,
Asabe.

*

Asibitin Malam, Kano.
Safiyar Talata.

Huraira 'yar'uwata,

Sallama da gaisuwa a tsaitsaye, a kan gwiwata nake rubutu, ki yi haƙuri da karkatar layi. Ina fatan kin isa tasha lafiya.

Kada ki sauko daga motar nan. Na roƙe ki da girman Allah.

Jiya da kika sauko daga adaidaita a ƙofar gidanmu, da jakarki da fuskarki a murtuke, wallahi ji na yi kamar an yi mini albishir da Makka. Na san sharaɗin da kika kafa: za ki je ne kawai idan ina gefenki, hannunki a nawa. Na amsa, kuma da gaske na amsa. Shi ya sa da safe na ce ku yi gaba da Sajan ku kama mana kujera, in sallami Ummi in biyo ku. To, kuna fita naƙuda ta tashi. Yarinyar nan duk kwanakin duniya ba ta zaɓa ba sai yau! Ga mu nan an shiga da ita, ungozoma ta ce komai na tafiya daidai, amma haihuwar fari ce, ba zan iya matsawa ko nan da can ba.

Na san idan na kira ki a waya, muryata kawai za ki ji ki ɗauki jaka. Shi ya sa na ba Malam Abba maƙwabcinmu wannan, ya kawo miki a babur kafin bas ta cika. Kin riga kin yi mai wuyar, kin baro Azare. Sajan zai zauna a bayanki, matar Ɗanladi a gefenki, ta ce hannunta ma hannu ne. Akwai dambun nama da soyayyar gyaɗa a baƙar leda, ki ci, kada ki tsaya kunya.

Ki je ki gano mana shi. Ki yi masa addu'a har da tawa. Ni kuma ki sa Ummi a taki.

Af, na samu na daka yajin jegon shekaranjiya, ya yi laushi kamar hoda. Kada ki tambaye ni a ina.

Taki,
Asabe.

*

Lugbe, Abuja.
Alhamis.

Zuwa ga Asabe, sabuwar kaka,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa, barka, barka, barka! Muna wuce Kaduna waya ta shigo wa Sajan Lawan cewa Ummi ta sauka, an samu mace. Da kin ga bas ɗin nan. Tsofaffi suka kaure da kabbara da tafi, direba ya dinga danna oda, mijinki yana kuka yana dariya yana raba dambun da kika ce nawa ne. Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya. Yaya jikin nata? Ke kuma yaya gajiya?

Ga takardar da kika daɗe kina nema. Na ba Sajan ya kawo miki, don ni ba zan biyo bas ba. Ina gidan Fatima 'yar Yaya Sadiq, zan ƙara kwana biyu.

Gaskiya da Malam Abba ya miƙo mini takardarki ta taga, na miƙe da jakata. Matar Ɗanladi ce ta riƙe mini gefen hijabi, ba ta saki ba har mota ta tashi. Na zage ki a zuciya tun daga Unguwa Uku har Kwanar Ɗangora. Daga nan na gaji, na fara yi wa Ummi addu'a.

Jiya da hantsi muka je. Wani matashin hafsa ya tarbe mu da mutunci, ya nuna mana wata bishiya daga wajen ƙofa inda za a rataye abin. Sajan ya warware farin yadin, ya ɗaure ta da waya, bakinta ƙasa, tana ƙyalli. Tsofaffinki suka jeru, kowa da lambobinsa a ƙirji, suka ƙame. Asabe, babu wanda ya juya dama a wannan karon. Sai na ga sun koma mini samarin da muka sani a bariki.

Ɗanladi ya miƙo mini cokali. Ya sunkuyo ya ce a hankali, ƙa'ida ita ce mai bugu shi ke kiran suna, amma ya san al'adarmu, mace ba ta faɗin sunan miji, saboda haka shi zai kira, ni in buga. Kin sani, shekara ashirin ina gidansa, daga "Kofur" sai "maigida". Ko ranar da likita ya tambaye ni sunansa, katinsa na miƙa. Na ce wa Ɗanladi ya bari. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce Mu'azu. Da ƙarfi na faɗa, har hafsan nan ya ɗago. Sannan na ɗaga cokali na buga da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Ƙarar ta tafi, doguwa, mai daɗi. Sai kuma wani jan gari ya zubo daga cikinta, iska ta kwashe shi ta watsa wa layin gaba.

Asabe, ke ba mutuniyar kirki ba ce! Yanzu na gane inda kika daka yajin. Kin sace makullin akwati, kin goge baki-baki, kin manta hannunki ba ya kaiwa gindi. Mijinki ne ya fara atishawa, hannunsa na goshi yana sarawa. Sai Ɗanladi. Sai layin gaba ɗaya, har da hafsan. Kuma don taurin kai babu wanda ya sauke hannu, suna ƙame suna atishawa, hawaye na zuba, hula na faɗuwa. Sajan ya buɗe baki cikin tari ya ce wannan aikin Asabe ne, wallahi sai ya dawo. Ni kuwa dariya ta kama ni. Na yi ta yi har na zauna a kan dakali, ina riƙe da cokali. Ɗanladi yana share hanci ya ce da Kofur na nan, shi zai fi kowa dariya, har ya nemi tsire a barbaɗa masa. Gaskiya ya faɗa.

Da wannan dariyar a bakina na shiga ƙofar. Ina jin da ba don ita ba, da ban iya ɗaga ƙafa ba. Saboda haka na hana Sajan yi miki faɗa, kuma ya yi alkawari.

Wurin a share yake, shiru, ga inuwa. Hafsan ya kai ni har inda yake, maza suka tsaya daga baya. Na ga sunansa a rubuce, da lambarsa, da sunan mahaifinsa, babu kuskure ko ɗaya. Na tambayi ina alƙibla, aka nuna mini, na ga an kwantar da shi yadda ya kamata. Na durƙusa na dafa ƙasar. Ban yi kururuwa ba, ki gaya wa Malam Muhammad Auwal. Na yi masa addu'a, na yi taki, na ba shi labarin an haifa wa Sajan jika. Maza suka matso, Musulmi suka ɗaga hannu, Ɗanladi da matarsa suka sunkuyar da kai.

Kin ce kunnena na ƙofa. Haka ne. Ba fushi ne kaɗai ya hana ni zuwa ba, tsoro ne. Tunda ban gani da idona ba, kullum akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ke cewa ƙila kuskure aka yi, ƙila yana wani wuri, wata rana zai yi sallama. Na san idan na zo nan, wannan lungun zai rufe. To, ya rufe. Na zaci zan mutu, sai ga shi na ci shinkafa faranti biyu a gidan Fatima, na yi barcin da rabona da irinsa tun muna bariki. Yau na tashi jikina sakayau, ko ƙugun ban ji ba. Gobe zan koma ni kaɗai, akwai sauran hira.

Ina nan tafe kafin suna, ki ajiye mini aikin da ya fi kowanne wahala. Amma idan na shigo, kada ki fara miƙo mini jaririya. Duk gaisuwar da aka yi mini shekara goma da suka wuce, har da taki, baki ne kawai ya amsa. Mijina ya rasu, Asabe. Ki zaunar da ni a tabarma ki yi mini ta'aziyya, zan amsa miki. Sannan ki ba ni jikata in goya.

Ki gaida Ummi, ki gaida Malam, ki sumbaci baƙuwa.

Taki har abada,
Huraira, matar marigayi Kofur Mu'azu.